Saƙon da Na Ƙi Ƙara wa Gishiri

Tun da na yi wayo ban taɓa jin kakata ta yi wa mahaifina magana kai tsaye ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Wasu matan suna kawai suke ɓoyewa, amma su gaisa da ɗan, har su aike shi. Ita ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya zo da safe ya durƙusa a bakin ɗakinta ya ce, "Inna, ina kwana," sai ta juya ga duk wanda ke kusa ta ce, "A ce wa mutumin nan lafiya lau." Ran da babu kowa a kusa, na ji da kunnena ta ba wata kaza wannan saƙon.

Ƙauyenmu yana can bayan Ƙarfi, sai ka sauka daga kwalta ka hau mashin tukuna. Asalinmu Maguzawa ne, kuma Kaka a kan hanyar iyayenta ta zauna. 'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu, Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, dukkansu kuwa Kirista ne. Sai dai ba coci ɗaya ba, kuma kunyar nan ce ta jawo. Da aka yaye Baba, an ba da shi riƙo wurin kawunsa a wajen Maska, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. A can ya tashi a hannun masu wa'azin bishara, waɗanda ake kira Furotesta, har ya zama dattijon ikilisiya. Baffa kuma auta ne, a gida ya girma, inda wani Fada, limamin Katolika, ya zo ya buɗe makaranta, shi Baffa ya zama Katolika, daga baya ya zama mai koyar da katakizim. Mu yara ba ruwanmu da waɗannan dogayen sunaye. Cocin Baba da cocin Baffa muke cewa.

Bayan rasuwar kakanmu Baba ya dawo gida da iyalinsa, suka haɗa gandu ɗaya. Noma bai taɓa haɗa su faɗa ba. Masara, dawa, waken suya, 'yar auduga a gefen fadama, komai a tare, rumbu ɗaya. Amma da sun zauna hutawa a gindin ɗorawa, sai a ɗauko maganar da ba ta ƙarewa.

"Ba a sayen ceto," in ji Baba. "Ko ka ciyar da mutanen Funtua gaba ɗaya, ka ɗinka wa na Malumfashi riga, in ba ka ba da gaskiya ba ka yi aikin banza. Kyauta ce. Hannu kawai kake miƙawa."

"Yaya, wa ya ce saye ake yi?" in ji Baffa. "Mu ma mun san kyauta ce. Amma in aka ba ka iri kyauta, ka ce ka karɓa, aka zo da kaka aka tarar da gona fayau, me za a ce ka yi da irin?"

"Irin kirki shi ke fitar da kansa. Ba ganyen ne ya haifi irin ba."

"To ka bar yin noma bana mu gani."

Haka za su yi ta yi har tuwo ya huce. Daga nan a gangaro kan carbin Baffa, da yi wa matattu addu'a, da furta zunubi a gaban Fada, a ƙare a kan giyar dawa da Kaka take dafawa, wadda Baffa yakan ɗan kurɓa, Baba kuwa ko warinta ba ya so. Kaka tana jinsu daga inda take tankaɗe, ta yi kunnen uwar shegu. Sau ɗaya na tambaye ta wa ya fi gaskiya. Ta ce, "Ke da kika yi boko ba ki sani ba, sai ni?"

Ungozoma ce. A ƙauyenmu da rugagen da ke kewaye, da wuya ka sami gidan da ba ta yanke cibi ba, na Musulmi, na Kirista, na Maguzawa 'yan uwanta. Ba ta taɓa tambayar mai naƙuda wace alƙibla take kallo ba. Wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri, ta buɗe rumbunta na kanta ta riƙa dama kunu a babbar tukunya, duk wanda ya shigo ya sha. Ba waliyyiya ba ce, kada in yi ƙarya. Tana da baki, tana riƙe mutum a zuciya, ta shekara goma ba ta gaisa da wata maƙwabciyarta a kan ɗan akuya. Ni ma a wurinta na gaji bakin, kowa ya shaida.

Na kai shekara talatin da 'yan kai, ina koyarwa a wata firamare a Funtua, aka kira ni a waya aka ce Kaka ta kwanta. Lokacin dogon hutu ne, masara ta fara bushewa a kara. Na zo na tarar an kai ta asibiti an dawo da ita, an ce tsufa ne, a je a kula da ita. Na shimfiɗa tabarmata a ɗakinta. Tana ganina ta ce, "Ga uwar surutu ta zo, yanzu kam mutuwa ma sai ta jira a gama magana."

Kwana biyu da zuwana na gane cewa ba jinya kaɗai aka kira ni ba. Kowane ɗa yana son uwarsa ta shiga hannun Ubangiji kafin ta tafi, kowa kuma da ƙofar da ya sani.

Baffa shi abin ya zo masa da sauƙi, don auta ne, yana zama har a bakin gadonta yana tsokanarta. Kullum da safe sai ya shigo da carbinsa da wata 'yar kwalbar ruwa a aljihu. Abin da yake nema ta ce ta yarda, ya yi mata baftisma. Wata safiya ya ɗauko hanyar da yake ganin za ta ɓulle.

"Inna, ke fa kin riga kin yi rabin tafiyar ba ki sani ba. 'Ya'ya nawa kika karɓa? Bakin mutum nawa kika sa wa kunu a shekarar fari? Allah ne ya sa miki wannan a zuciya, kuma ba ya mantawa. Ruwan nan ne kawai ya rage."

Ta buɗe ido ta harare shi. "Kai auta, ƙirga mini kake yi? Mace tana naƙuda tana ihu, sai in tsaya in ce bari in tara lada? Wanda ke jin yunwa na ba shi kunu don yana jin yunwa. Ɗauke kwalbarka, kana tare mini iska."

Baffa ya fita yana dariyar yaƙe. Na ji tausayinsa, amma ban hana kaina dariya ba.

Na Baba ne ya fi ciwo. Mutumin da ya yi wa'azi a kasuwanni, ya tsaya a gaban ɗaruruwan mutane ba gargada, ba shi da ikon ya zauna kusa da uwarsa ya yi mata magana. Sai ya ɗauko kujera 'yar tsuguno ya ajiye a waje, dab da ƙofa, ya ba ɗakin gefe. Daga gadonta zuwa inda yake taku uku ne. Tana jinsa, yana jinta, amma dole sai an sami mai kai saƙo, ni ke nan.

"Ki ce wa Inna, ba a neman komai a wurinta. Ba ruwa, ba aiki, ba kuɗi. Ta gaskata a zuciyarta cewa Almasihu ya mutu dominta, ta faɗa da bakinta. Shi ke nan."

Sai in juya in maimaita, kamar wata tafinta a kotu, alhali Hausa ɗaya muke ji mu duka.

"Ki ce wa mutumin nan na ji."

Gobe ma haka. Jibi ta ce, "Ki ce masa inda 'ya'yana za su, can nake so. Amma su biyun ma ba hanya ɗaya suka bi ba. Su fara shiryawa tukuna, sai in san wanda zan bi."

A wurin Baba wannan ba abin dariya ba ne. Abin da ya gaskata, ya gaskata shi har cikin ƙashi: in ta tafi ba ta furta ba, ta hallaka, kuma duk cibin da ta yanke ba zai tsaya mata ba. Ya ɗauki azumi. Da fari yakan sha ruwa ya ɗan taɓa abinci in rana ta faɗi, daga baya abincin ma ya ajiye, sai ruwa. Mutum ne mai shekara sittin da wani abu, ga aikin gona. Cikin mako guda wuyansa ya fito, rigarsa ta yi masa yawa. Na ce masa, "Baba, wannan azumin fa? Ba aiki ba ne? Ko shi Allah yana karɓar irin wannan cinikin in daga cocinmu ya fito?" Ya dube ni, ya ce roƙo yake yi, ba biya ba, kuma in iya bakina. Har yau ban iya ba.

Mahaifiyata ce ta ja ni bayan rumbu. Ta ce, "Ke ce mai kai saƙo. Muryar tsohuwar nan ta yi ƙasa, daga waje ba a jin abin da take cewa sosai. Ki fito ki ce masa ta ce ta gaskata. Wa zai sani? So kike mu yi biyu, mu binne uwa mu binne ɗa?"

Na ce ƙarya ke nan. Ta ce ta sani, ta ɗauki zunubin a kanta.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Ina son mahaifina. Ina ganin yadda yake ƙara ramewa kullum. Kalma biyu ce, "ta gaskata", in faɗa ya tashi ya ci tuwo, ya yi sauran kwanakinsa da kwanciyar rai. Na kwana da abin, na tashi da shi, har na shirya yadda zan yi da fuskata.

Washegari da la'asar ya zo ya zauna a kujerarsa. An kawo wa Kaka kunun tsamiya a kwano, ta kurɓi kaɗan ta ture. Baba ya ba da saƙonsa na kullum, muryarsa ta dishe. Na sunkuya kusa da bakinta, don da gaske muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Ki ce masa wanda ya yi ni ya san ni. Ban taɓa ɓoye masa ba, ba yau zan fara yi masa kwalliya ba."

Na miƙe, na yi taku ukun nan. Baba ya ɗago yana kallon bakina, mahaifiyata tana can bakin murhu ta tsaya cak da muciya a hannu. Na buɗe baki da niyyar ƙarya, wallahi da niyyarta na buɗe. Sai na tuna matar nan ta kori autanta da kwalbarsa don ba ta son a ƙara mata ko ƙwayar gero a kan abin da ta yi. Ni ce zan sa mata magana a baki tana kwance? Na faɗa masa abin da ta ce, kalma da kalma.

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba. Maimakon tausayi ya sa in yi laushi, sai raina ya ɓaci, don haka nake.

"Baba, in tambaye ka. Matar nan ta taɓa ce maka tana sonka?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Ta taɓa kiran sunanka? Ta taɓa ce maka sannu? To tana sonka ko ba ta sonka?"

Ya ce, "Uwata ce."

"Ta yaya ka sani, tunda ba ta faɗa da bakinta ba?"

Na san amsar, don shi ya ba mu labarin muna yara. Lokacin da yake riƙo a Maska, duk shekara bayan girbi takan ɗauki daddawa da gyaɗa da ɗan zanen saƙi, ta hau motar 'yan kasuwa zuwa Funtua, ta ƙarasa da ƙafa. Ta ba matar kawunsa kayan, ta tsaya a bayan zana ta leƙa shi yana wasa, ta juya ba ta ce uffan ba. Sai da ya girma aka gaya masa daga inda daddawar take zuwa. Na zazzage masa wannan duka a tsaye, da murya sama, har maƙwabta suna ji. Na ce shekara sittin yana karanta zuciyarta a cikin ƙullin daddawa, yau kuma ya ce sai baki.

Na ɗauka na kayar da shi. Ina! Ya share fuska ya ce, a hankali, "Wannan tsakanina da ita ne. Ni na san tana sona. Tsakaninta da Allah nake tambaya, kuma can ba ni da daddawar da zan duba."



A daidai nan ne muka ji muryar Kaka daga ɗaki. Sunansa ta kira. Ba "mutumin nan" ba, ba "babanku" ba, sunansa na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, shi ma bai taɓa ji ba. Muciya ta faɗi daga hannun mahaifiyata. Baba ya tashi kamar wanda aka tsikara, ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko ya shiga ba.

"Shigo. Zauna nan."

Ya zauna a ƙasa, a gefen gadon. Ta juyo ta dube shi sosai, tun daga furfurarsa har ƙafa, ba ta yi sauri ba.

"Ka rame," ta ce. "Ɗauki kunun nan ka sha. Ka ci abinci."

Ya ce, "Inna, sai kin..."

"Abin da kake so in faɗa ban san shi ba, kuma ba zan faɗa maka abin da ban sani ba. Amma kai na san ka. Shi wanda kake bi, in ka je gabansa, ka ce masa ni uwarka ce. Yanzu sha."

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya sha, hawaye yana ɗiga a ciki, ya shanye tas. Daga nan ya roƙe ta izinin yin addu'a, ta ce ya yi. Ya riƙe hannunta. Na sha jin addu'o'in Baba, dogaye ne, masu sassa kamar wa'azi. Ta ranar nan gajeriya ce, kusan abin da ta ce masa ya faɗa shi ya faɗa.

Ba ta sake yi masa magana ba. Washegari da ya zo gaisuwa ta juya gare ni ta ce a ce wa mutumin nan lafiya lau. Bayan kwana uku, da hantsi, ta cika. Baffa yana wurin, kwalbarsa na aljihu. Na ga hannunsa ya kai kan kwalbar ya tsaya. Daga baya ya ce mini ba ta yarda ba, shi kuwa ba zai yi wa uwarsa satar baftisma ba. Tun daga ranar na ƙara ganin girmansa.

An binne ta a bayan gida, kusa da mijinta. Jama'ar da ta zo ta fi ƙarfin tabarmin coci biyu, sai da maƙwabtanmu Musulmi suka kawo nasu. Wata Hajiya daga Malumfashi, wadda Kaka ta karɓi 'ya'yanta shida, ta zo da buhun shinkafa ta zauna tana kuka kamar uwarta ce. A wurin zaman makoki wani dattijo daga cocin Baba, irin mutanen nan da ba sa iya barin magana ta kwana, ya matso ya tambaye shi ko tsohuwa ta karɓi ceto kafin ta tafi. Na riga na buɗe baki zan wanke shi, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Ban sani ba," ya ce. "Ba ta furta ba, ba zan ce ta furta ba. Amma shekara arba'in ina gaya wa mutane cewa kyauta ce. Mai kyautar bai taɓa zuwa neman izinina kafin ya bayar ba."

Kada wani ya ɗauka an shirya. Har yau in suka zauna a gindin ɗorawa ana ɗauko iri da ganye, tuwo yana hucewa. Ni ma a cocin Baba nake, kuma na tsaya a kan cewa ba a sayen ceto, in aka taɓo ni zan yi musu har rana ta faɗi. Abin da na daina shi ne yanke wa mutum hukunci da abin da bakinsa ya faɗa ko ya ƙi faɗa. Kuma ban taɓa nadamar gishirin da na ƙi ƙarawa ba. Da na ƙara, da Baba ya tashi ya ci tuwonsa ya gode wa Allah, da kuma ya mutu bai ji sunansa a bakin uwarsa ba.

Duk shekara, in ranar rasuwarta ta zagayo, Baffa yakan sa a yi mata addu'a a cocinsu. Baba ya ce wannan ba shi da amfani, wanda ya tafi ya tafi, kuma ya faɗa masa a gaban kowa. Sai dai idon Baffa ya yi rauni yanzu, ba ya iya tuƙa mashin, kuma duk cikin yaran gidan da ke da mashin, Baba bai yarda ko ɗaya ya kai shi ba. Shi ke goya shi. Ya sauke shi a ƙofar coci, ba ya shiga, ya koma gindin wani darbejiya ya zauna da ɗan kwanon da mahaifiyata ta ɗaure masa a ƙyalle.

Bara na bi su. Da na fito na same shi a wurin, na ce, "Baba, kai da ka ce ba amfani, me kake yi a nan tun ɗazu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Abinci nake ci. Abin da aka ce in yi ke nan."